Yadda Za Ka Binciki Kasuwancin MLM da Ma'aunin Ƙa'idojin Amurka Kafin Ka Biya Kuɗin Rajista

Kasuwancin matakai, wanda ake taƙaita sunansa da MLM, wasu kuma suke ce masa netwok, tsari ne da kamfani ke fitar da kayansa ta hannun wakilai masu zaman kansu maimakon kantuna, ya biya kowane wakili kamasho a kan abin da ya sayar, sannan ya ƙara masa wani kaso daga cinikin mutanen da ya kawo da kuma waɗanda su ma suka kawo. A Amurka tsarin ya samo asali tun shekarun 1940, a can manyan kamfanoninsa irin su Amway da Herbalife suke zaune, kuma a can aka fi daɗewa ana jan daga a kan abin da ya wajaba a sanar da mutum kafin a karɓi kuɗinsa. Hukumar da wannan aiki ya rataya a wuyanta ita ce Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, wadda aka fi sani da FTC.

Abu na farko da ya kamata mai niyyar shiga ya sani shi ne cewa ƙa'idar da ta fi kowace kare mai sayen damar kasuwanci a Amurka ba ta hau kan yawancin kamfanonin MLM ba. An fara tsara ta da su a ciki, aka fitar da su kafin ta fara aiki. Saboda haka babu wanda zai miƙo maka takardar da ta tanada, sai dai ka ɗauki tambayoyin da ke cikinta ka yi su da bakinka, ka kuma ƙi sa hannu har sai an amsa maka a rubuce.

Tantance irin tayin da aka kawo maka

Ƙa'idojin FTC sun raba irin wannan tayi gida uku, kuma hakkinka ya dogara da gidan da naka ya faɗa. Na farko shi ne faranchayis, wato mutum ya biya kuɗi ya yi aiki da suna da tsarin wani kamfani, kamar yadda ake buɗe rassan McDonald's. Wannan yana da ƙa'idarsa tun 1979, an yi mata garambawul a 2007, kuma tana tilasta kamfani ya ba mai saye kundin bayani mai babi 23 aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya ko sisi.

Na biyu shi ne abin da hukumar ta kira damar kasuwanci, wanda ƙa'idarsa ta fara aiki ranar 1 ga Maris, 2012. Tayi yana shiga wannan gida idan abubuwa uku sun haɗu: an nemi mutum ya fara sabuwar sana'a, an wajabta masa biyan kuɗi, kuma mai tayin ya yi alkawarin zai samar masa da wurin ajiye na'urorin sayar da kaya, ko ya haɗa shi da kantuna da masu saye, ko kuma ya saye abin da mutumin ya ƙera ko ya harhaɗa a gida. Na uku shi ne MLM, wanda yawanci ba ya yin ɗaya daga cikin waɗannan alkawura a takarda, don haka yake zamewa daga ƙa'idar.

A nan akwai wata gaɓa da ya kamata ka riƙe. Ba sunan MLM ke fitar da kamfani daga ƙa'idar ba, abin da ya yi wa mutane alkawari shi ake dubawa. Idan wanda ya gayyace ka ya ce kamfanin ne zai riƙa turo maka masu saye, ko an riga an tanada maka kwastomomi kai dai ka biya kawai, to tayin na iya faɗawa ƙarƙashin ƙa'idar ta 2012. Ka nemi ya maimaita maka wannan magana a rubuce, ka adana saƙon da kwanan watansa.

Abubuwa biyar da takardar ta ƙunsa

Takardar da ƙa'idar ta wajabta shafi ɗaya ce, kuma dole a ba mutum ita aƙalla kwana 7 kafin ya sa hannu a wata yarjejeniya ko ya biya wani kuɗi. Dole kuma ta kasance da harshen da aka yi tallar da shi, ta yadda in da Hausa aka yi wa mutum bayani a wani falo a unguwar Bronx ta birnin New York, da Hausa za a ba shi takardar. Ga abin da ke cikinta, kuma shi ne za ka nema ko da kamfanin ya ce doka ba ta ɗora masa ba.

Da farko akwai sunan mai sayarwa da adireshin kasuwancinsa da lambar wayarsa, da sunan wanda ya yi maka tallar. Sai bayani a kan shari'a: ko a cikin shekara 10 da suka wuce an taɓa gurfanar da kamfanin, ko wani kamfani mai alaƙa da shi, ko manyan jami'ansa, a kan yaudara ko zamba ko karya dokar hannayen jari, tare da sunan kowace ƙara. Na uku, ko akwai damar fasa ciniki a mayar wa mutum kuɗinsa, da cikakkun sharuɗɗan yin hakan. Na huɗu, jerin mutanen da suka sayi wannan dama a shekara 3 da suka gabata, ko dukkansu ko aƙalla mutum 10 mafi kusa da inda kake zaune, da jiharsu da lambar wayarsu. Hikimar wannan sharaɗi a fili take, domin idan mai talla ne ya zaɓo maka waɗanda za ka tuntuɓa, zakarun tsarin zai kawo maka, amma mutum goma mafi kusa da gidanka za su haɗa da waɗanda suka shiga suka fita.

Na biyar shi ne ya fi nauyi, wato maganar riba. Idan mai sayarwa ya faɗi ko ya nuna cewa za a iya samun wani adadi na kuɗi, dole ya haɗa da wata takarda daban da za ta bayyana wanda ya yi da'awar da ranar da ya yi ta, da tsawon lokacin da aka samu wannan kuɗi, da yawan mutanen da suka samu aƙalla haka da kasonsu cikin ɗari na dukkan waɗanda suka saya, da duk wani bambanci tsakaninsu da kai, misali wurin zama. Dole kuma ya tanadi hujja a rubuce da zai ba duk wanda ya nema. Da'awar riba ba ta tsaya ga ambaton adadi ba. Hoton sabuwar mota, da bidiyon yawon shaƙatawa, da cewa wance ta ajiye aikin albashi, hukumar tana ɗaukarsu duka a matsayin da'awar samun kuɗi.

Yadda MLM ya fita, da abin da ya rage a hannun hukuma

A 2006 FTC ta fitar da daftarin farko na ƙa'idar, wanda faɗinsa ya haɗa da kamfanonin MLM. Hukumar ta karɓi ra'ayoyi fiye da 17,000, mafi yawansu daga kamfanonin da wakilansu, suna kukan cewa jiran kwana 7 da ba da sunayen mutane zai durƙusar da sana'arsu. A 2008 ta sake fitar da daftari da aka taƙaita shi yadda ba zai hau kansu ba, ta ce za ta riƙa bin masu laifi ɗaya bayan ɗaya. A ganina wannan babban rashi ne ga talakan da ake gayyata, domin kwana bakwai na jira shi ne daidai lokacin da zumuɗin taro yake sauka, mutum ya samu damar yin shawara da wanda ba shi da kaso a kuɗin rajistarsa.

Abin da ya rage shi ne sashe na 5 na dokar da ta kafa hukumar, wanda ya haramta yaudara da rashin adalci a kasuwanci. Wannan sashe bai ce a ba ka wata takarda ba, amma ya hana a yi maka ƙarya, kuma hukumar tana ɗaukar nuna ribar 'yan tsiraru ba tare da bayyana abin da yawancin mutane ke samu ba a matsayin yaudara, ko da adadin da aka faɗa gaskiya ne. A watan Oktoba 2021 ta aika wa kamfanoni fiye da 1,100 sanarwar gargaɗi cewa da'awar riba ta ƙarya na iya jawo tarar da ta kai dala 43,792 a kan kowane laifi guda. A Janairun 2025 kuma ta gabatar da daftarin wata ƙa'ida ta musamman da za ta hana kamfanonin MLM da'awar riba marar hujja, ta kuma tilasta musu nuna hujjar ga wanda ya nema. Daftari ba ya ɗaure kowa sai ya kammala matakansa, don haka ka duba shafin hukumar ka ga matsayinsa a ranar da kake bincikenka.

Kada kuma ka shiga da tunanin cewa in abu ya lalace gwamnati za ta karɓo maka kuɗinka. A Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar AMG Capital, ta yanke hukuncin cewa sashen da FTC ta daɗe tana amfani da shi wajen ƙwato wa mutane kuɗinsu kai tsaye a kotu bai ba ta wannan iko ba. A Satumban 2023 kuma wata kotun tarayya a Texas ta ba kamfanin Neora gaskiya a ƙarar da hukumar ta shigar tana zarginsa da tsarin firamid, wato haramtaccen tsarin da ladansa ya rataya a kan kawo sababbin mutane maimakon sayar da kaya.

Karanta takardar abin da wakilai ke samu

Kamfanoni da yawa suna wallafa wata takarda ta shekara-shekara da ke nuna abin da suka biya wakilansu, yawanci a can ƙasan shafinsu na intanet cikin ƙananan haruffa. Ka nemo ta da kanka, kada ka dogara da hoton da aka turo maka a WhatsApp, ka kuma tabbatar da shekararta da ƙasar da ta shafa. Tun da babu ƙa'idar tarayya da ta tsara fasalinta, kowane kamfani yana rubuta tasa yadda ta fi yi masa kyau, kuma nan ne aikin karatu yake.

A Satumban 2024 ma'aikatan FTC sun fitar da rahoto bayan sun bi irin waɗannan takardu na kamfanoni 70. Sun gano cewa mafi yawan wakilai suna samun dala 1,000 ko ƙasa da haka a shekara, wato ƙasa da dala 84 a wata, kuma a aƙalla kamfanoni 17 yawancin wakilan ba su samu ko sisi ba. Sun kuma lura cewa yawancin takardun suna cire waɗanda ba su samu komai ba ko suka samu kaɗan daga lissafi, ba sa cire kuɗin da wakili ya kashe, kuma suna ɗaga ribar mutanen sama da manyan haruffa.

Saboda haka tambayarka ta farko ita ce su wa aka ƙirga. Za ka ga takardar ta ce lissafin ya shafi wakilai masu aiki, sai ka gangara ka nemi ma'anar da kamfanin ya ba wannan kalma. Sau da yawa mai aiki a wurinsu shi ne wanda ya karɓi kamasho aƙalla sau ɗaya a shekarar, ko wanda ya cika shekara cur bai fita ba. Idan haka ne, duk wanda ya biya rajista ya sayi kaya bai samu komai ba, da duk wanda ya gaji ya bari a wata na huɗu, an share su, alhali su ne suka fi kama da sabon shiga irinka. Ka tambayi jimillar mutanen da suka yi rajista a shekarar, ka kwatanta da adadin da aka ƙirga.

Tambaya ta biyu ita ce wane irin matsakaici aka ba ka. Akwai wanda ake samu ta hanyar haɗa dukkan kuɗin a raba da yawan mutane, akwai kuma abin da mutumin da ke tsakiyar layi ya samu idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba. Ɗauki misali na lissafi kawai: mutum 100, ɗaya ya samu dala 100,000, sauran 99 kowa ya samu dala 100. Idan aka haɗa aka raba, kowa zai fito da dala 1,099, amma na tsakiyar layi dala 100 ya samu, kuma shi ne ke gaya maka gaskiyar abin da ke jiranka. Idan takardar ta kawo jadawalin muƙamai, ka fara karantawa daga ƙasa, ka ga kashi nawa cikin ɗari ne suke matakin farko da na biyu, domin nan za ka fara, nan kuma yawancin mutane suke ƙarewa.

Tambaya ta uku, wadda ita ce ke raba ciniki da riba, ita ce me aka kashe kafin a samu wannan kuɗi. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta kuɗin rajista, da na sabunta ta duk shekara, da kayan da dole ka saya duk wata don kada ka rasa cancantar karɓar kamasho, da kuɗin aike, da kayan gwaji da za ka raba kyauta, da tikitin taro da masauki da mota, da kuɗin waya da data. Ka cire jimillar daga abin da na tsakiyar layi ya samu. Sannan ka raba abin da ya rage da awannin da za ka ba aikin. Wanda yake samun dala 84 a wata yana aikin awa 10 a mako bai kai dala 2 a awa ba tun kafin a cire komai, alhali mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa tun 2009.

Ka kuma tambayi wanda ya gayyace ka abin da shi kansa ya samu bara bayan cire abin da ya kashe. A Amurka wakilan MLM ba ma'aikatan kamfani ba ne, masu zaman kansu ne da suke bayyana riba ko asararsu a takardar haraji, don haka amsar tana rubuce a gidansa. Wannan tambaya tana da nauyi a baki idan mai gayyatar ɗan'uwa ne ko aminiya, kuma yawancin wakilai a Amurka mata ne da ake shigar da su ta hanyar zumunci da ƙawance. Sai dai mutumin da ya nemi ka zuba jarinka, kuma yana da kaso a cikin abin da za ka zuba, ya ba ka damar yi masa ita.

Bi sawun kuɗin ka ga inda yake fitowa

Takardar riba tana nuna nawa ake samu, amma abin da ke raba halattaccen MLM da haramtaccen firamid shi ne asalin kuɗin. Siffar firamid irin ta dalar gyaɗa ce, faɗi a ƙasa tsini a sama, kuma lissafinsa ba ya ɗorewa: idan kowa zai kawo mutum 5, mataki na 13 kaɗai yana bukatar mutum fiye da biliyan ɗaya, sama da ninki uku na jama'ar Amurka. A shari'ar Koscot ta 1975 hukumar ta kafa ma'aunin da ake amfani da shi har yau, wato mutum ya biya kuɗi don ya samu damar sayar da kaya, da kuma damar samun lada a kan kawo mutane wanda ba shi da alaƙa da sayar da kayan ga masu amfani da su na ainihi.

A 1979 hukumar ta yanke cewa Amway ba firamid ba ne, bisa wasu sharuɗɗa uku da kamfanin ya gindaya wa wakilansa: sayar wa kwastomomi 10 daban-daban a wata, sayar da kashi 70 cikin ɗari na kayan da aka sara, da karɓar kwantan kaya daga wanda zai fita. Tun daga nan kusan kowane kamfani yake rubuta irin waɗannan sharuɗɗa a kundinsa, amma kotuna sun nuna cewa rubuta su ba ya wadatarwa sai an tabbatar ana aiki da su. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da cewa kamfanin BurnLounge firamid ne duk da cewa yana da abin sayarwa, domin ladan da yake biya ya fi rataya a kan kawo sababbin mutane.

Sulhun da aka yi da Herbalife a Yulin 2016 ya ba da wani ma'auni da za ka iya ara. Kamfanin ya biya dala miliyan 200, aka raba wa mutane kusan 350,000, ya kuma amince cewa aƙalla kashi biyu cikin uku na ladan wakilai zai dogara da cinikin da aka tabbatar an yi wa kwastomomi na gaske, a ƙarƙashin sa-idon mai bincike mai zaman kansa na shekara 7. A 2019 kamfanin AdvoCare ya biya dala miliyan 150 aka kuma haramta masa tsarin matakai gaba ɗaya, bayan hukumar ta yi zargin cewa a 2016 fiye da kashi 72 cikin ɗari na wakilansa ba su samu komai daga kamfanin ba.

Daga waɗannan shari'o'i tambayoyinka suke fitowa. Kashi nawa na cinikin kamfanin ake yi wa mutanen da ba wakilai ba? Za ka iya samun riba mai ma'ana da sayar da kaya kaɗai ba tare da ka kawo kowa ba? Akwai adadin kayan da dole ka saya duk wata? Kuma da babu alkawarin kamasho, za ka sayi wannan kaya a wannan farashi? Ta ƙarshen za ka iya amsa ta da kanka cikin minti kaɗan, ta hanyar duba farashin makamancin kayan a kanti, da duba ko tsofaffin wakilai suna karyar da shi a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ƙasa da farashin sari.

Ƙofar fita

Ka karanta sharaɗin mayar da kaya kafin ka karanta na kamasho. Ƙungiyar kamfanonin sayarwa kai tsaye ta Amurka, DSA, ta wajabta wa mambobinta karɓar kayan da ke da sauran kyau da wakili ya saya a cikin wata 12, a kan aƙalla kashi 90 cikin ɗari na abin da ya biya. Wasu jihohi, irin su Jojiya da Masachusets da Wayomin, sun sa makamancin wannan a dokokinsu. Ka duba wa zai biya kuɗin aike, ko ana karɓar kayan da aka buɗe kwalinsu, da kuma ko yarjejeniyar ta hana ka zuwa kotu ta tilasta maka sasanci a gaban mai shiga tsakani, domin wannan sharaɗi ya yawaita a irin waɗannan takardu.

Ƙasashe biyu sun yi abin da Amurka ta bari, kuma yana da kyau ka ari ma'auninsu. A Birtaniya, ƙa'idojin 1997 sun wajabta yarjejeniya a rubuce, sun hana karɓar fiye da fam 200 daga sabon shiga a kwana 7 na farko, sun ba shi kwana 14 ya fasa a mayar masa da kuɗinsa, sun kuma tilasta a buga gargaɗi a kan talla cewa kada a ruɗu da da'awar samun kuɗi mai yawa cikin sauƙi. A Kanada, sashe na 55 na dokar gasa a kasuwanci ya hana kamfani ko wakili yin maganar riba sai ya bayyana abin da wakili na yau da kullum yake samu a zahiri.

Idan a Najeriya ko maƙwabtanta aka yi maka tayin

Kamfanonin da suka taso daga Amurka da Asiya suna neman wakilai a Kano da Kaduna da Maraɗi da Kumasi, kuma sau da yawa alƙaluman da ake nunawa a taro na wakilan wata ƙasa ne, masu wani farashi da wata kasuwa. Ka nemi na ƙasarka. Takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, tana nuna cewa kamfani ya wanzu a hukumance ne kawai, lambar NAFDAC kuma ta shafi kayan da ke cikin kwalba, babu ɗaya a cikinsu da ya tantance tsarin biyan kamasho. Idan kuma tayin ya ƙunshi zuba kuɗi da alkawarin ribar da ba ta da alaƙa da sayar da wani kaya, to ya tashi daga MLM ya koma irin tsarin damfarar zuba jari na MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 da CBEX da ta durƙushe a Afrilun 2025, kuma Hukumar Kula da Hannayen Jari, SEC, ita ce wurin tantancewa. Dokar zuba jari ta Najeriya ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari.

Idan ka riga ka shiga

Wakilin da ya fara gayyatar wasu ya zama mai talla, kuma maganarsa ma ana iya kama shi da ita. A shari'ar AdvoCare hukumar ba ta tsaya a kan kamfanin ba, ta haɗa da tsohon shugabansa da wasu manyan wakilansa. Kada ka ambaci wani adadi da ba ka da hujjarsa, kada ka sa hoton saƙon shigar kuɗi a Facebook ba tare da faɗin abin da ka kashe da abin da yawancin wakilai ke samu ba, kada kuma ka ce kayan suna warkar da wata cuta. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta shige da fice na kowane wata, ka sa wa kanka wa'adi, misali wata shida, wanda in ya cika lissafin bai nuna riba ba za ka tsayar da sayen wata-wata ka mayar da kwantan tun wa'adin mayarwa bai wuce ba.

Wanda kuma ya ga an yaudare shi, ya tattara yarjejeniyar da ya sa wa hannu, da rasit na kowane saye, da tsarin kamasho na lokacin da ya shiga, da hotunan saƙonni da tallan da aka yi masa da kwanan watansu, domin kamfanoni suna sauya abin da ke shafinsu. Ya fara rubuta wa kamfanin takardar fita da neman mayar da kuɗi ta hanyar da za ta bar shaida. Mazaunin Amurka ya kai ƙorafi ga FTC ta shafin ReportFraud.ftc.gov da kuma ofishin babban lauyan jiharsa, wanda yake da ikon shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar jiha, kamar yadda jihar Washington ta yi da LuLaRoe har aka sasanta a kan dala miliyan 4.75 a 2021. Mazaunin Najeriya ya kai nasa ga Hukumar Kare Hakkin Masu Saye da Gasa a Kasuwanci, FCCPC, ko ga SEC idan maganar zuba jari ce, ko ga EFCC idan an gudu da kuɗi.